Kafintan da Ya Huda Ƙyauren Gidansa

Kafintan asibitinmu ya yanka katakon da ya tara don ƙyauren gidansa, ya yi wa masu kwalara gadaje da shi. Makon jiya ya ajiye aiki, kuma har yau labule ne a bakin ɗakunan gidan nasa. Ban saba yabon mutum yana raye ba, don yabo yana lalata mai rai. Amma wannan ya tsufa, ya wuce lalacewa, saboda haka zan faɗi abin da mutane suka gani.

Rumfar aikinsa tana bayan ɗakin wanki, gab da tankin ruwa, inda ba mai zuwa sai wanda kujerarsa ta karye. Kullum kafin masu shara su gama yake shigowa, fensir a kunne, guduma a ƙugu. Ba ya fara taɓa zarto sai ya zaga ɗakunan kwanciya. Ya girgiza wannan benci, ya tura waccan taga, ya duƙa ya leƙa ƙarƙashin gadon jarirai. Gaisuwarsa gajera ce. In ka tsaya tambayarsa iyali da gajiya, zai amsa maka idonsa na kan ƙafar teburin da kake jingine da shi. Sandar da mai karaya yake dogarawa shi ya sassaƙa ta. Akwatin da ake jera magunguna shi ya haɗa. Ba wanda ya taɓa tambayar waye ya yi su, shi ma bai taɓa faɗa ba. Kowa Baba yake ce masa, har waɗanda suka girme shi.

Yana da aibi, kuma ba za a ɓoye ba. Baba yana da nawa, yana da girman kai a kan aikinsa. Ƙafar kujera ɗaya sai ta cinye masa wuni. Ba ya buga ƙusa inda ido zai gan ta, ba ya sakin katako sai tafin hannu ya zame a kansa. Direban motar asibiti, wanda bakinsa ba ya hutawa, yakan ce wanda ya kai wa Baba gyaran kujera ya nemi tabarma tukuna, don zai daɗe a ƙasa. Baba ba ya dariya. Abin da yake cewa kawai, tun da ya kama aiki ba a taɓa dawo masa da abin da ya gyara ba.

A gidajen ma'aikata yake zaune da matarsa, kuma kowa ya san ranar da mutum ya ajiye aiki dole ya ba da makulli. Don haka ya daɗe yana gina ɗan gidansa a bayan gari, yau bulo gobe kwano, har gini ya tsaya. Ƙyamare ne suka rage. An ba shi shawara ya sa na ƙarfe kamar kowa, ya ce kafinta ba ya kwana a bayan aikin mai walda. Sai ya shiga tara jan katako, falanki ɗaya bayan ɗaya, shekara da shekaru. Ya jera su a ƙarshen rumfa, ya sa ƙananan itace a tsakaninsu don iska ta ratsa su bushe, yana shafe gindinsu da baƙin mai saboda gara. A cikinsu akwai wani mai baƙin ƙulli a gefe kamar ƙwayar ido. Shi matarsa ta zaɓa wa ɗakinta. Duk ranar da ta kawo masa abincin rana sai ta shafa shi.

"Malam, ƙyaurena yana nan?"

"Yana nan. Ba shi da ƙafa."

Ita kuma takan ce da ma ƙafa yake da ita, da ya kai kansa gida ya rataye kansa tun bara.

Ana haka daminar bara ta zo da ambaliya, ruwan kwata ya shiga rijiyoyi. Da farko mutum ɗaya-biyu ake kawowa da amai da gudawa. Kafin a ankara sai ga su a mota, a baro, a goye. Ɗakin da aka ware wa masu cuta mai yaɗuwa ya cika tun ranar farko. Babbar Sista, wadda ke shugabantar masu jinya, ita ta riƙe ragamar wurin, kuma mace ce da ba ta maimaita magana. Aka sallami duk wanda zai iya ƙarasa warkewa a gida. Tiyatar da za ta iya jira aka ce ta jira. Aka aika wa tsofaffin nas-nas da suka yi ritaya, wasu suka dawo da tsohon farin kayansu da ya matse su. Aka ɗaura igiya ta raba tsakar asibiti biyu, a shiga ta nan a fita ta can, da kwanon ruwan magani a kowace ƙofa, ba mai wucewa sai ya tsoma takalmi ya wanke hannu. Mai sauƙin ciwo a zaunar da shi a ƙarƙashin rumfa a yi ta ba shi ruwan gishiri da sukari. Wanda idonsa ya faɗa a wuce da shi ciki a ɗaura masa ƙarin ruwa. Ɗan'uwa ɗaya mai zaman jinya ga mara lafiya ɗaya, sauran dangi su tsaya bayan igiya. Ɗakin cin abincin ma'aikata ya zama ɗakin kwanciya, baranda ta bi bayansa. Duk da haka mutane a kan kwali suke kwance, don gado ya ƙare.

Sista da kanta ta taka har rumfar Baba. Ta ce tana son gado mai rami a tsakiya, daidai inda mazaunin mutum zai kasance, a sa bokiti a ƙasa. Mai kwalara ba ya iya tashi zuwa banɗaki, kuma masu jinya suna bukatar ganin yawan ruwan da ya fita don su san nawa za su mayar. Ta zana masa a ƙasa da tsinke. Ya ce ya ji.

A nan ya yi kuskurensa, irin kuskuren da sai gwani yake yi. Ya wuni a kan gado ɗaya. Washegari da hantsi shi da direba suka sauke shi a bakin igiya. Gado ne na gani na faɗa. Ga allon jingina kai, ga ƙafafu a sassaƙe, ga katifar soso da ya huda ya ɗinke bakinta, fenti ko bushewa bai gama ba. Sista ta zagaya shi sau ɗaya.

"Baba, amarya za mu kai?"

Ta yi masa nuni da mutanen da ke kwance a kan kwali.

"Wannan guda ɗaya ne. Dubi bayana."

Ta yaye katifar ta ajiye gefe, ta ce soso yana shan ruwa, ciwon zai zauna a ciki ya jira na gaba. Allon kai zai tare wa nas hanya. Ta ce ba ta son mai kyau, mummuna take so, mai yawa, kuma yau. Falanki, ƙafa huɗu, rami, a shimfiɗa tamfol a kai yadda za a wanke da ruwan magani. A gaban masu shara ta faɗa masa, kuma ba a taɓa raina aikinsa a gaban mutane ba.

Waɗanda suke wurin sun ce sun zaci zai juya ya tafi. Sai ya tsoma takalminsa a kwanon magani ya ƙetare igiya, wai zai auna faɗin baranda. A can ya ga wani dattijo sa'arsa kwance a ƙasa, kayansa sun ɓaci, 'yarsa na tsaye a kansa ta rasa yadda za ta yi. Dattijon ba shi da ƙarfin ɗaga hannu sosai, amma ya jawo hularsa ya rufe fuskarsa da ita. Baba ya tsaya ya dube shi. Bai auna komai ba ya fito.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya koma rumfa ya yanka kwali daidai girman ramin, ya zama ma'auni. Ya sa aka kwaso bencinan ɗakin jira, da teburan cin abinci, da kantocin sito, da tsofaffin ƙyamaren da aka jingine tun gyaran da aka yi wa ginin. Sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya ba wasu guduma. Direba, da mai ban ruwan fulawa, da masu shara biyu, da mijin wata mara lafiya da zaman jira ya ishe shi. Shi yana yanka, su suna bugawa. Ƙusa tana fitowa ta gefe, ƙafa ɗaya ta fi 'yar'uwarta tsawo a sa mata ɗan guntu, yana gani yana kau da kai.

"Baba, ƙusata ta lanƙwashe," in ji direba, yana jiran faɗa.

"Zare ka buga wata."

Direban ya ce a ranar ya tabbata duniya ta zo ƙarshe.

Abu ɗaya ne bai saki ba. Bakin ramin kowane gado da hannunsa yake goge shi da samfefa, har sai ya zagaya da yatsa bai ji kaushi ba. Ya ce nan ne fatar mutum za ta kwanta. Sista ta zo za ta yi magana a kan ɓata lokaci, ta shafa ɗaya, ta fasa, don ta san fatar wanda ruwa ya ƙare a jikinsa ba ta jure tsaga ko a ƙarƙashin tamfol. Daga baya ma ita ta ce ya yi ƙananan ramuka saboda yara. Da sandunan rataya ƙarin ruwa suka ƙare, ya ja waya daga wannan bango zuwa wancan, ya tsince ƙusoshin nan da direba ya lanƙwasa ya mai da su ƙugiya. Har yau direban yana cewa da gangan ya lanƙwasa su, hangen nesa ne.

Ciwon bai lafa ba. Aka kafa tanti a filin ajiye motoci, tanti babba, ba ko gado ɗaya a ciki. Kasuwar katako tana rufe, don unguwar nan ciwon ya fi ƙamari. Motar da aka ce za ta kawo kaya daga wani gari ruwa ya cinye mata hanya. A rumfa ba abin da ya rage sai ɓawo da garin zarto, sai kuma jan katakon nan da ke jere a ƙarshe. Kowa ya san na mene ne. Direba mai surutu ma ya dubi wajen ya sunkuyar da kai.

Baba ya tsaya a gabansu ɗan lokaci, hannu a baya. Sannan ya zare na sama ya ɗora a kan teburin aiki, ya aza kwalin awo, ya zana da'ira. Bai aika gida ba. Mai ƙullin nan ya bari har ƙarshe, yana ture shi gefe duk lokacin da ya zo hannu. Da la'asar aka ce saura mace ɗaya a ƙasa, da ciki. Ya jawo shi ya huda.

Matarsa ta kawo abinci ta tsaya bayan igiya, don an hana wucewa. Ya fito, jan garin katako ya rufe masa gemu da gaban riga. Shekarun da ta yi da kafinta sun isa ta san launin kowane katako.

"Har da nawa?"

"Har da naki."

"Ka tambaye ni?"

"Ban tambaya ba."

Ta ajiye kwanon a ƙasa ta juya. Ta yi kwanaki ba ta ce masa ko sannu ba. Maƙwabta kuwa sun sha labari. Ta ce ta auri mutumin da zai kai ta gidan da akuya za ta shigo mata har gado ba sallama, ta ce shekara nawa tana shafa katako ashe na mutanen gari take shafawa. Kuma tana da gaskiya. Haƙƙinta ne, bai nemi izininta ba, shi ma bai taɓa cewa ya kyauta mata ba.

Ba a jima ba ita ma ta kwanta. Ta taya maƙwabciya wanke kayan ɗanta mara lafiya, ciwon ya biyo ta. Direba ya ɗauko ta, kafin su iso muryarta ta dushe, fatar hannunta in an ja ba ta komawa. Sista ta ɗaura mata ruwa hannu biyu a cikin tantin nan. 'Yarsu ce ta zauna jinya. Baba bai ajiye zarto ba, don a ranar motar katako ta samu hanya ta iso, kuma ana ta kawo mutane. Sai dai duk gadon da aka gama shi yake kama gefe ɗaya a kai tanti, ya ajiye, ya tsaya a ƙafafunta ya dubi ledar ruwa tana ɗiga, ya koma. Waɗanda suka yi aiki da shi a kwanakin sun ce ko sau ɗaya bai buga yatsansa ba, amma ya yi ta neman fensir alhali yana kunnensa.

A kan gadon tsohon benci da aka kawo daga baranda aka kwantar da ita. Da idonta ya buɗe, abin da ta fara ganewa shi ne baƙin ƙullin nan, a gefen gadon da ke fuskantarta, yana leƙowa ta ƙarƙashin tamfol. 'Yarta ta ce ta daɗe tana kallonsa. Ta ga yarinyar da ke kai ta tashi zaune ta nemi abinci, aka sallame ta. Aka wanke gadon da ruwan magani aka kwantar da wani tsoho. Shi bai tashi ba, aka rufe shi aka fita da shi. Aka sake wankewa aka kawo wata mai goyo, ita ta tashi.

Da Baba ya shigo ya tsaya a ƙafafunta kamar kullum, sai ta yi masa nuni da haɓa.

"Malam, ga ƙyaurena can."

"Na gan shi."

"Ko fenti ba ka shafa masa ba."

"Sista ta hana."

Maganar farko ke nan da ta shiga tsakaninsu tun ranar igiya. Ya fita ya zauna a bayan tanti a kan bokitin da aka kife, direba ya ga haka ya bi wata hanya.

Damina ta ja baya, ciwon ya bi ta. Aka naɗe tanti, ɗakin cin abinci ya koma na cin abinci, tsofaffin nas-nas suka koma gidajensu. Gadajen aka wanke aka shanya a rana, Sista ta sa aka jera su a sito, ta ce ba a fafe gora ranar tafiya. Baba da matarsa suka tare a gidansu, da labule a kowane ɗaki da fallen kwano a ƙofar waje. Ya sake fara tara katako. Yanzu yana da falanki biyu, kuma ɗanye ne, sai ya sha iska.

Baba, kai ne ka haɗiye girman kanka a gaban masu shara, kuma na san ya fi yanka katakon ciwo. Kai ne ka bar ƙusa a waje don kada a bar mutum a ƙasa. Likitoci da masu jinya sun yi aikin da ya ceci rayuka, an kuma yaba musu, sun cancanta. Amma allura tana bukatar hannun da ke kwance a wuri ɗaya, kuma mai jinya ba ta iya wuni a durƙushe. Kai ka ɗaga mutane daga ƙasa. Akwai masu yawo a garin nan da ƙafafunsu da ba su san a kan ƙyauren wa suka kwanta ba. A madadinsu muna godiya. Allah ya saka maka, ya ba ka lafiyar cin gajiyar hutunka, ya saka wa matarka da ta fi ka asara.

Ku kuma masu sana'ar hannu, ku ji. Ranar da annoba ta shigo, asibiti ba na masu farin kaya ba ne su kaɗai. Tela yana da aiki a ciki, mai walda da mai gyaran famfo suna da shi. Kada ku jira a kira ku da suna. In kuma wadda ta san ciwon ta ce ga yadda take so, ku yi yadda ta ce, ko da ya saɓa wa abin da kuka iya.

Saura abin da ya faru ranar bikin sallamarsa daga aiki. An taru a ɗakin cin abincin nan, aka zaunar da shi a gaba, matarsa a gefensa. Babban likita ya yi jawabi, sannan ya ce asibiti ba zai riƙe kayan mutum ba. An yi alkawarin kawo gadajen ƙarfe na musamman, saboda haka jajayen nan da ke sito a mayar wa mai su. Gwani irin Baba zai iya toshe ramukan ya fitar da ƙyamarensa, ba mai ganewa. Direba ya ce mota tana waje, yau ma sai a kai. Mutane suka tafa. Sista ba ta tafa ba, tana kallon taga, inda hadarin farkon damina yake haɗuwa.

Baba ya juya ya dubi matarsa. Sannan ya ce wancan karon bai tambaya ba, ba zai maimaita ba. Katakon na mai ɗaki ne, a tambaye ta.

Ta gyara mayafinta ta juya wajen Sista.

"'Yata, na ƙarfen sun iso?"

"Suna hanya, Mama."

"Rijiyoyin fa, an gyara?"

"Wasu."

Babban likita ya ce kada ta damu da wannan, ita dai ta ce a ɗauka, haƙƙinta ne, ta gaji da kwana a bayan labule. Direba har ya zaro makullin mota.

"A'a," ta ce. "Ba za a ɗauki ko ɗaya ba."